Fataucin Ƙwai Tsakanin Ƙasashe da Katakon Akwatunansa

Gabatarwa

A ƙasar Hausa ƙwai ba hajar dogon fatauci ba ne. Goro da gishiri da kanwa da tufafi su ne suka saba ratsa ƙasashe a bayan jakuna da raƙuma, shi kuwa ƙwai iyakarsa kasuwar ƙauye ko ta birni mafi kusa. A Turai abin ya sha bamban. Daga wajen 1870 zuwa ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu a 1939, ƙwai ya zama ɗaya daga cikin manyan kayan abincin da ake lodawa a jiragen ƙasa da na ruwa ana kai wa wasu ƙasashe. Wannan takarda za ta bayyana yadda cinikin ya gudana, musamman batun akwatin da ake zuba ƙwan a ciki da irin katakon da ake yin sa da shi, domin a nan ne riba da hasara suka rataya.

Masu saye da masu sayarwa

Birtaniya tana cikin manyan masu saye. Masana'antu sun janye mutane daga karkara zuwa birane irin su Landan da Manchesta da Gilasgo, inda ma'aikaci ba shi da wurin kafa akurki, ga shi kuma yana son ƙwai a karin kumallo. A 1913 Birtaniya ta shigo da ƙwai wajen biliyan 2 da miliyan 600, kuma fiye da rabinsa daga Rasha ya fito. Sauran ya zo ne daga Danmak da Masar da Maroko da Italiya da Faransa da wasu ƙasashe. Ƙwan Ailan ba ya cikin wannan lissafi, saboda a lokacin tana ƙarƙashin Birtaniya, amma shi ma da yawa yake ƙetare teku zuwa Libaful da Gilasgo. Jamus ma babbar mai saye ce.

Abin lura shi ne babu manyan gidajen gona a bayan wannan ciniki. Kajin gida ne masu kiwon sake, irin waɗanda matan ƙauye ke watsa wa tsaba. A Rasha ƴan sari ne ke bin ƙauyukan yankunan Boronej da Tambob da Kursk da Kazan da keken doki, suna saye da kuɗi ko suna musaya da ƙananan kayan masarufi, su kai rumbunan da ke bakin tashar jirgin ƙasa. Daga nan jirgi ya kwasa zuwa Riga, wadda a yau ita ce babban birnin Latbiya, ko kuma ya zarce da shi Jamus ta tudu. A 1913 daular Rasha ta fitar da ƙwai wajen biliyan 3 da rabi. Kafin ƙwan da kaza ta saka a Tambob ya isa kanti a Landan makonni sun wuce, ya sha girgizar keken doki da ta jirgin ƙasa da ta teku, an ɗora shi an sauke sau da yawa.

Har ila yau cinikin yana bin lokaci. Kazar Turai ta wancan zamani tana yin ƙwai sosai daga Maris zuwa Yuni, idan sanyi ya shigo rana ta gajarta sai ta ɗauke. Ke nan ƙwai yakan yi arha a farkon shekara, ya yi tsada daga Oktoba zuwa Janairu. Wannan giɓi ne Masar da Maroko suke cikewa, ita Maroko ta tashar Mazagan, wadda yanzu ake kira Aljadida. Daga baya Ostireliya da Afirka ta Kudu da Ajantina suka shigo, da yake lokacin yalwar ƙwansu ya dace da hunturun Turai. Wanda ya san yadda ƙwan zabi ke cika kasuwannin Maraɗi da Katsina da damina ya ɓace da rani ba zai yi mamakin wannan ba.

Akwati a matsayin ma'auni

Ƴan kasuwar Ingila ba da ɗari suke ƙidaya ƙwai ba, da "babbar ɗari" suke yi, wato 120, dozin 10 ke nan. Akwatin da aka fi amfani da shi a Turai yana cin babbar ɗari 12, wato ƙwai 1,440. Dogo ne shimfiɗaɗɗe, tsawonsa wajen ƙafa 6, ba shi da zurfi. A tsakiyarsa akwai shamaki biyu na katako dab da juna, domin idan ya isa kasuwa dillali ya sa zarto tsakaninsu ya raba shi gida biyu, kowane rabi ya zama akwati mai zaman kansa da ƙwai 720. A kowane rabi ana jera ƙwan hawa 4, kowane hawa 180. Cikakken akwati nauyinsa ya kusa kilo 100, sai mutum biyu suke ɗaga shi, kuma wannan ma dabara ce: abin da ƙato ɗaya ba zai iya sunguma ba, ba zai iya wurga shi ba.

Amurka da Kanada nasu daban ne. Akwatinsu dozin 30 yake ci, wato ƙwai 360, an raba shi ɗaki biyu, kowane ɗaki hawa 5, kowane hawa ƙwai 36 a cikin ragar kwali mai gida-gida, da faifan kwali tsakanin hawa da hawa. Da wannan akwati ake yanke farashi a kasuwar man shanu da ƙwai ta Shikago, wadda aka kafa a 1898, ta kuma rikiɗe a 1919 ta zama kasuwar hajoji ta Chicago Mercantile Exchange.

Mai nazarin Hausa ya san irin wannan, inda mazubi ke komawa adadi. Ƙwaryar goro goro 100 ce ko da babu ƙwarya a wurin, kamar yadda keso ya kasance wuri 20,000 a zamanin kuɗin wuri. Kalmomin mazubin katako kuwa kusan duk baƙi ne a harshen: "akwati" daga Yarbanci, "sanduƙi" daga Larabci, "adaka" kuma akwai ta a harshen Akan na Gana. Wannan ya nuna cewa kayan ajiyar Bahaushe na asali ƙwarya ce da kwando da tukunya da fata, aikin tsaga katako da buga ƙusa daga baya ya zo.

Me ya sa ba kowane katako ba?

Ɓawon ƙwai ba a rufe yake ruf ba. Yana da ƙananan ƙofofi dubbai da ido ba ya gani, waɗanda ta nan ɗan tsako ke shaƙar iska kafin ƙyanƙyasa. Ta waɗannan ƙofofi ruwan cikin ƙwai ke fita sannu a hankali, shi ya sa gurbin iskar da ke gindinsa ke ƙara faɗi yayin da yake tsufa, har ya riƙa tasowa idan an tsoma shi a ruwa, gwajin da masu sayen ƙwan zabi suka daɗe da sani. Ta nan kuma wari ke shiga. Gwaiduwa tana da maiƙo, shi kuwa maiƙo yana riƙe wari. Ƙwan da ya kwana kusa da albasa ko kifi ko kananzir zai ɗauki warinsu, kuma dahuwa ba ta fitar da shi. Idan dare ɗaya ya isa haka, ina ga makonni a cikin rufaffen akwati?

Saboda haka sharaɗi na farko shi ne katako ya zama marar wari. Dazuzzukan arewacin Turai cike suke da itatuwa masu ganye kamar allura, amma ba duka suka dace ba. Itacen da Turawan Ingila ke kira fain yana da ƙaro mai ƙarfin ƙamshi, kamar yadda hano ke da shi a dajin ƙasar Hausa. Ƙamshin yana da daɗi a ɗaki, a cikin ƙwai kuwa aibi ne da ke karya farashi. Don haka aka fi son sufurus da danginsa, waɗanda ƴan katako ke kira farin katako, domin ƙaronsu kaɗan ne. A Amurka kuma itacen kotinwud da tufelo, masu fitowa a fadamun kogin Misisifi da kudancin ƙasar, su aka fi nema saboda wannan dalili.

Na biyu, dole ya bushe sarai. Wannan ya fi na farko wahalar kiyayewa, domin busar da katako na cin watanni, mai injin tsaga kuwa yana son kuɗinsa da wuri, ga buƙatar akwati tana zuwa gaba ɗaya a watannin yalwa. Ɗanyen katako yana sakin danshi a cikin akwati, danshi ya kawo fumfuna, ita kuma ta bi ƙofofin ɓawo ta shiga ciki ta yi baƙaƙen ɗigo. Ko da ƙwan bai ruɓe ba yakan yi warin tsohon ɗaki. Matsalar ta fi tsanani ga ƙwan da aka ajiye a ɗakin sanyi, inda ake riƙe shi dab da daskarewa na tsawon watanni ana jiran farashin hunturu, saboda ranar da aka fito da shi raɓa takan sauka a kansa. A nan ƙwai kishiyar goro ne. Huhun goro ana naɗe shi da ɗanyen ganye ana yayyafa masa ruwa don kada ya bushe, ƙwai kuwa ruwa ne makashinsa. Ko wanke shi ba a so, domin wanki yana cire siririn rufin da kaza ke shafe ɓawon da shi, ƙwayoyin cuta su sami hanya.

Sauran sharuɗɗan na aljihu ne. Ana biyan kuɗin jirgi bisa nauyi ko girman kaya, ke nan kowane kilo na katako kuɗi ne da aka biya don safarar abin da ba za a ci ba. Itace mai nauyi irin maɗaci ko ƙirya, duk ƙarfinsa, ba shi da amfani a wannan aiki. Ana son mai sauƙi, mai karɓar ƙusa ba tare da tsagewa ba, wanda za a iya yanka shi siriri, mai farin jiki da tambarin kamfani zai fito a kansa raɗau, kuma mai arha, tun da yawancin akwatunan fitarwa tafiya ɗaya suke yi. Mayar da akwati wofi daga Landan zuwa Riga ya fi yin sabo tsada.

Abin shimfiɗa tsakanin ƙwai shi ma daga itace ya koma fitowa. Da farko busasshen karan alkama da danginta ake sawa, sai dai karan kan zo da danshi ko warin turke. Daga baya aka koma ga sassaƙen katako da inji ke ferewa siri-siri kamar taliya, wanda Turawa ke kira ulun katako. Yana da taushi, yana barin iska ta ratsa, kuma shi ma sai an yi shi da itace marar ƙaro, irin su sufurus da asfen.

Yawan itacen da aka ci

Lissafi mai sauƙi zai nuna girman abin. Idan aka ɗauka duk ƙwan da Rasha ta fitar a 1913 a akwatin 1,440 ya fita, ana maganar akwatuna kusan miliyan 2 da rabi a shekara guda. Da za a jera su kai da kai, za su yi wajen kilomita 4,500, kusan tsawon hanyar mota daga Dakar zuwa Injamena. Wata shekara kuma sai an sake wasu.

Rasha ba ta damu ba, daji ne da ita ba iyaka, kuma Riga tashar katako ce tun kafin ta zama ta ƙwai. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ƙwanta ya yi arha. Danmak da Ailan da Masar kuwa ƙasashe ne masu ƙarancin daji, sai sun sayo katako daga waje, galibi daga ƙasashen tekun Baltik da Sikandinebiya. Sau da yawa a yanke yake zuwa daidai awo, an ɗaure shi dami-dami, kafintoci su haɗa shi a wurin da ake zuba ƙwan, saboda akwatin da aka riga aka haɗa iska ce kawai yake ɗauke da ita a cikin jirgi. Ke nan mai fitar da ƙwai a irin waɗannan ƙasashe mai shigo da katako ne, kuma duk abin da ya taɓa farashin katako ya taɓa nasa. An ga haka a 1914, lokacin da yaƙi ya rufe tekun Baltik: ƙwan Rasha ya ragu ƙwarai, katakon ma ya yi wuya.

Misalin da ya fi nuna illar wannan buƙata ga daji daga cinikin man shanu ya fito, wanda shi ma yake ɗaukar wari kamar ƙwai. A Niyu Zilan akwai wani dogon itacen fadama da Maworawa ke kira kahikateya. Katakonsa fari ne, ba wari, amma ba ya jure ruwa kuma ƙwari na cinsa, don haka magina ba su ɗauke shi da daraja ba. Da aka fara fitar da abinci a jiragen ruwa masu sanyi daga 1882, sai aka gane babu kamarsa wajen akwatin man shanu. Aka yi ta sare shi, har Ostireliya ake kai wa, filin da aka share kuma a janye ruwansa a mai da shi makiyayar shanun da za su ba da ƙarin man. A yau ƴan guntayen kurmi ne suka rage a yawancin kwarurukan da ya taɓa rufewa. Rashin warin da ya sa aka so shi, shi ya jawo masa gatari.

Ailan da Danmak

Waɗannan ƙasashe biyu kasuwa ɗaya suke nema, kuma Ailan ta fi kusa da ita. Duk da haka ƙwan Danmak ya fi tsada a Ingila. A Ailan matar ƙauye takan kai ƙwai kanti ta karɓi ganyen shayi da sukari, mai kanti ya riƙe shi yana jiran farashi ya hau, sannan a zuba shi a tsohon akwati da jiƙaƙƙen kara, wani lokacin a filin kasuwa ana ruwan sama. A 1897 ƴan kasuwar Libaful da Gilasgo suka yi barazanar daina saye muddin ba a gyara ba. Gyaran gaske bai zo ba sai da doka: a 1924 sabuwar gwamnatin Ailan ta wajabta wa masu fitar da ƙwai yin rajista, da gwada ƙwai, da ware shi bisa daraja, da zuba shi a akwati mai ƙa'ida da busasshen abin shimfiɗa mai tsabta.

Danmak ta bi ta hanyar ƙungiyoyin gama-kai. A 1895 manoma suka kafa ƙungiyar fitar da ƙwai ta ƙasa. Kowane ɗan ƙungiya yana da lamba, kowane reshe ma haka, kuma ana buga lambobin a jikin kowane ƙwai. Ana tattarawa duk mako, a biya bisa nauyi maimakon ƙidaya, abin da ya sa manoma suka koma kiwon kaji masu manyan ƙwai. A wurin tattarawa ana haska kowane ƙwai da fitila a ɗaki mai duhu don a ga cikinsa. Idan aka sami baragurbi, lambar za ta nuna gidan da ya fito, a ci mai shi tara. Sannan a ware bisa nauyin babbar ɗari, mai laba 15 daban, mai 16 daban, mai 17 daban, a zuba a sabon akwati. Amfanin ware girma bai tsaya ga farashi ba: ƙwai masu girma ɗaya suna zama daram a jere, gauraye kuwa yana barin sarari, manya su fasa ƙanana.

Abin da dillalin Landan ke biya a gaskiya shi ne amana. Ba zai iya buɗe ƙwai 1,440 ya duba ba. Idan ya san tambarin da ke jikin akwati ba ya ƙarya, zai saya ba tare da ya cire ƙusa ba, ya kuma ƙara kuɗi. Daga 1929 Birtaniya ta tilasta a buga sunan ƙasar asali a jikin duk ƙwan da aka shigo da shi, saboda wasu ƴan kasuwa kan sauya wa ƙwan waje akwati su sayar da shi a matsayin na gida.

Ƙarshen akwatin katako

Abubuwa da dama ne suka taru suka kashe shi. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanoni a Sin, musamman a Hankau da Shanghai, suka riƙa fasa ƙwai suna daskarar da shi a gwangwani ko su busar da shi ya zama gari, don masu gidan burodi a Turai. Wannan ba ya buƙatar ulun katako. A Yaƙin Duniya na Biyu, da wuri a jirgin ruwa ya zama abin tattali, Birtaniya ta koma ga garin ƙwai daga Amurka, wanda daga 1942 ake raba wa jama'a a gwangwani mai daidai da ƙwai 12. Bayan yaƙi kiwon kaji a keji da hasken lantarki ya sa kaza tana yin ƙwai duk shekara, giɓin hunturu ya toshe, ƙasashen da ke saye suka koma samar da yawancin nasu.

Mazubin ma ya sauya. A 1911 wani ɗan jarida a yammacin Kanada, Joseph Coyle, ya ƙirƙiro kwalin ƙwai mai gurbi-gurbi, bayan wata gardama tsakanin manomi da mai otal kan ƙwan da ke zuwa a fashe. A shekarun 1930 faifan da ake zubawa daga niƙaƙƙiyar takarda ya yaɗu, kamfanin Hartmann na Danmak yana cikin manyan masu yin sa. Shi ne kiret mai cin 30 da ake gani a kan babura da teburan masu shayi daga Yamai zuwa Kano zuwa Garwa. Kiret 12 a kwali guda ƙwai 360 ne, wato adadin tsohon akwatin Amurka bai sauya ba. Itace ma bai fita daga cinikin ba, tun da takarda daga gare shi take, sai dai yanzu yawanci tsohuwar jarida da kwali ake sake sarrafawa.

Fitar da ƙwai da ɓawonsa bai mutu ba, amma ya fi zama tsakanin maƙwabta, kamar daga Holan da Folan zuwa Jamus, ko daga Turkiyya zuwa ƙasashen Larabawa. Doguwar tafiya sai in an shiga matsi, kamar a 2025 da murar tsuntsaye ta sa Amurka ta sayo ƙwai daga Turkiyya da Barazil da Koriya ta Kudu. Katakon da ya rage a cikin safarar shi ne dandamalin da ake ɗora kwalaye a kai, kuma damuwar da ake yi da shi ta koma ta ƙwari. A 1996 aka gano wani buzuzu mai huda itace daga Asiya a birnin Niyu Yok, wanda ake ganin a katakon lodi ya iso. A 2002 aka amince da ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba 15 a ƙarƙashin yarjejeniyar kare tsirrai ta hukumar FAO, wadda ta tanadi a gasa irin wannan katako har zafin tsakiyarsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, ko a yi masa turaren maganin ƙwari, sannan a buga masa tambari kafin ya ƙetare iyaka. Katakon da kaurinsa bai wuce milimita 6 ba, da kwali, ƙa'idar ba ta hau kansu ba.